Yadda za ki rubuta labarin laifi a kan ciki, maniyyin wani da aure ba tare da kin ɓata wa mai karatu rai ba

Akwai wani kalar littafi da in ka karanta bayanin bayan bangonsa ba ka iya wuce shi. Mata da miji sun daɗe ba haihuwa, likita ya ce matsalar daga mijin take, suka amince a yi amfani da maniyyin wani mutum da ba su sani ba, ciki ya shiga, sai wani baƙo ya fara bibiyar matar, can kuma sai ga gawa. Wallahi kayan labari ne masu nauyi, duk abin da ke hana ɗan Adam barci yana ciki, asali da amana da kishi da kunya da tsoron tonon asiri. Amma sau tari sai ka kai feji na ƙarshe ka ajiye littafin ranka a ɓace, kana jin an yi ba a yi ba, kuma abin da ya fi ciwo shi ne ka san labarin zai iya yin kyau matuƙa da an ba shi haƙƙinsa.

Ni a ganina ciwon ɗaya ne yake kashe irin waɗannan littattafan. Marubucin ya ɗauki sirrin wane ne uban ɗan ya kulle a aljihu don ya ba mu mamaki a babin ƙarshe, sai ya bar auren kansa fanko, alhali a cikin auren tashin hankalin yake. To 'yar uwa marubuciya, maza ma ku matso maganar ta kowa ce, in kina da niyyar taɓa wannan jigon ga yadda nake ganin za ki bi.

Kafin ki rubuta ko layi ɗaya, ki samu takarda ki jera mutanen labarin, a gaban kowa ki rubuta abu uku: me ya sani, yaushe ya sani, kuma me zai rasa in wani ya gano ya sani. Wannan takardar ita ce ƙashin bayan littafin gabaɗaya. Shin mijin ya san da maganar tun farko har ya sa hannu, ko a ɓoye matar ta je? Ko shi ne ya shirya komai da likita ita ba ta sani ba? Kar ki ce wannan na ƙarshen ya yi nisa da hankali, don ya faru. A 1884 wani likita a Filadelfiya ta Amurka, William Pancoast, ya sa wa wata mata maganin barci ya saka mata maniyyin ɗaya daga cikin ɗalibansa saboda mijinta ba ya haihuwa, daga baya aka gaya wa mijin, ita kuwa aka bar ta a duhu, maganar ba ta fito fili ba sai 1909 da ɗaya daga cikin ɗaliban da ke ɗakin ya rubuta ta. Ki duba fa, mutum uku, sani kala uku, ba a kashe kowa ba amma tsigar jikinki ta tashi. Kowace amsa da kika zaɓa littafi daban take haifarwa, kuma in ba ki zaɓa tun farko ba za ki tarar a tsakiya mijin yana abu kamar ya sani a babi na 5, a babi na 12 kuma yana kuka kamar yau ya fara ji.

Sai ki yanke a wace ƙasa da wace shekara labarin ke faruwa, don a wannan harkar doka ita ce rabin ƙullin. Suwidin ce ta fara hana ɓoye sunan mai bayar da maniyyi a 1985. A Birtaniya, daga Afrilun 2005 duk wanda ya bayar ya san cewa yaron da aka haifa yana da damar neman sunansa in ya cika shekara 18, shi ya sa sai a 2023 rukunin farko na waɗannan yaran suka kai lokacin tambaya, kuma can maniyyin mutum ɗaya ba ya wuce iyali 10. Hukumar HFEA, mai kula da harkar taimakon haihuwa a Birtaniya, ita ce ke sa ido a kan asibitocin, kuma in aka yi abin a asibiti mai lasisi mai bayarwar ba shi da wani haƙƙi ko nauyi a kan yaron, mijin matar shi ne uba a doka sai dai in an nuna bai amince ba. A Amurka kuwa kowace jiha da nata. A Kansas an taɓa yin wani mutum da ya ba wasu mata maniyyi ta hanyar talla a intanet ba tare da likita ba, gwamnatin jihar ta kai shi kotu a kan kuɗin kula da yarinyar, a 2014 alƙali ya ce shi ne uba saboda ba ta hannun likita aka bi ba, sai a 2016 wani hukuncin ya sauke masa. Akwai kuma wuraren da abin haramun ne ɗungurungum, fatawar Azhar ta 1980 ta halatta taimakon likita tsakanin miji da matarsa amma ta hana shigowar maniyyin wani, Cocin Katolika ma ta ƙi shi a takardar da ta fitar a 1987. In taurarinki masu riƙo da addini ne, wannan nauyin dole ya bayyana a zuciyarsu da maganarsu, ba wai ki wuce shi kamar ba komai ba, mai karatu zai ji an raina masa hankali.

Daga nan sai tambayar da mutane da yawa ke tsallakewa: wai mene ne laifin? Kin ce labarin laifi kike rubutawa, to a faɗa mana. Nan ne littafi na ƙarshe da na karanta a kan wannan jigon ya faɗi warwas, rabin farko yana tafiya lafiya lau da zargi da kallon-kallo tsakanin ma'auratan, kwatsam marubucin ya ga kamar abin ya yi sanyi sai ya jefo kisan kai da wuƙa da gudun mota, mai bayar da maniyyin ya koma wani mahaukaci mai laɓe a bayan taga ba dalili. Haba. Ai laifin da ya fi tsoratarwa a wannan fagen yana sanye da farar riga ne yana murmushi. Donald Cline likitan haihuwa ne a Indiyana, a shekarun 1970 da 1980 ya riƙa amfani da maniyyinsa a kan matan da suka zo wajensa yana ce musu na wani ne ko na mazajensu, an gano yara sama da 90, kuma da aka zo hukunci a 2017 ba a samu dokar da ta kama ainihin abin da ya yi ba, sai da laifin yi wa masu bincike ƙarya aka kama shi, ko kwana ɗaya bai yi a gidan yari ba. Sai a 2019 jihar ta yi doka a kan irin wannan ha'incin. A Holan ma gwajin DNA ya tabbatar a 2019 cewa likita Jan Karbaat shi ne uban yara 49, bayan ya riga ya mutu. A can dai Holan ɗin kotu ta dakatar da wani mutum a 2023 daga ci gaba da bayarwa bayan an ƙiyasta ya haifi sama da yara 550. Ki yi tunanin mai bincike da ya gano gaskiya tsaf, hujja a hannu, amma lauya ya ce masa babu sashen dokar da za a shigar da ƙarar. Ki yi tunanin saurayi da budurwa da suka gano ubansu ɗaya. Wannan ya isa riƙe mutum har asuba. In kuma dole sai an yi kisa a labarinki, to ya tsiro daga sirrin, wanda ya yi kisan ya kasance yana kare wani abu da muka riga muka ga yana ƙauna.

Yanzu ga inda nake so ki zauna ki daɗe: mijin. Kusan duk littafin da ya ba ni haushi a wannan layin, mijin ko dai dodo ne tun feji na farko, ko kuma waliyyi ne da ba ya fushi har sai babin ƙarshe ya cire fuska ya zama mugu. Duka biyun ƙarya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma kusan rabin lokutan akwai hannun ɓangaren namiji a ciki, wato mazan da ke cikin wannan halin suna da yawa kuma mutane ne kamar kowa. Mutumin da aka ce masa babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsa yana iya son matarsa da gaske, ya so ta samu ɗa da gaske, ya sa hannu da zuciya ɗaya, kuma duk da haka ranar da wani ya kalli jaririn ya ce kai wannan hancin na babansa ne sak, wani abu ya soke shi a ƙirji da ba zai iya gaya wa kowa ba. Wannan sukar ita za ki rubuta. Ki kai mu ɗakin da ake cike fom, nas ta miƙo biro ta nuna layin da aka rubuta amincewar miji, ya karanta layin, ya sake karantawa, ya tambayi ranar wata alhali agogo na hannunsa, matar tana kallon yatsunsa ba fuskarsa ba. Ya sa hannu. A mota ta ce, “Ka tabbata?” ya ce, “Ba na riga na sa hannu ba?” sai ya kunna rediyo. In kin iya rubuta wannan fejin, mai karatu zai bi ki ko'ina, don daga nan ya san akwai abin da zai fashe, bai dai san yaushe ba.

Ita ma matar kar ki mayar da ita jakar ɗaukar ciki mai suma a duk babi. Wani salon da ya yi yawa shi ne a ce wai laulayi ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, tana ganin abubuwa, ba wanda ya yarda da ita, har mu masu karatu a hana mu yarda da ita. Ya tsufa, kuma rashin adalci ne ga mata masu ciki. Ki ba ta wayo, ki ba ta nata laifin, wataƙila ta binciko sunan mai bayarwar a ɓoye bayan sun yi alkawarin ba za su nema ba, wataƙila tana ajiye da hotonsa na yarinta da bankin maniyyin ya bayar tana dubawa in mijin ya yi barci. Ba ta ci amanarsa da jiki ba, amma ta san in ya gani zai ji kamar ta ci. Shi ma mai bayarwar ki yi masa rayuwa, me ya kai shi, kuɗi ne lokacin yana ɗalibi, ko tausayi, ko son ya ga irinsa ya bazu a duniya, kuma matarsa ta yanzu ta sani?

Sai aikin asibiti da lissafin ciki, nan kam ba wasa, don mata masu karanta ki da yawa sun bi ta nan kuma kuskure ɗaya ya isa su rufe littafin. Ana ƙirga ciki daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, sati 40 ko kwana 280, shigar cikin kansa kuwa kamar sati 2 bayan wannan ranar yake faruwa. Ma'ana in likita ya ce cikin sati 6 ne, kimanin sati 4 kenan da shigarsa. Na ga littafin da aka gina duk zargin mijin a kan wai sati 6 da suka wuce yana tafiya, alhali lissafin ma wanke matar yake yi. Ki zana kalanda ki sa kowane babi a satinsa, sikanin watannin farko yana faɗin shekarun ciki da kuskuren 'yan kwanaki ne kawai, motsin ɗa kuwa galibi sai tsakanin sati 16 zuwa 24 ake fara ji, kar ki sa shi yana harbi a wata na biyu don kina son ta tsorata. Ki bambance hanyoyin kuma. Akwai wadda ake saka maniyyin da aka tace kai tsaye cikin mahaifa da siririn bututu, 'yan mintoci an gama, kuma yawanci ba a dacewa a karon farko, ana iya maimaitawa wata bayan wata. Akwai kuma IVF da ake ciro ƙwan mace a haɗa shi da maniyyi a ɗakin gwaje-gwaje sannan a mayar cikin mahaifa, wadda Louise Brown ce jaririyar farko da aka haifa ta hanyarta a Ingila a 1978, wannan akwai allurai na kwanaki da wahalar jiki. Wannan jiran da faɗuwar da sake gwadawar, su ne ke cinye aure a hankali, kar ki tsallake su da layi ɗaya.

Shi kansa maniyyin ba a firij ɗin gida ake ajiye shi ba. Cikin wasu 'yan siraran robobi ake zuba shi masu lamba, a nutsa su a tankin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma a Amurka na wanda ba a san shi ba sai an killace shi wata 6 an sake gwada mai shi saboda cututtuka irin su HIV kafin a yi amfani da shi. A asibitin kirki mutum biyu ne ke tabbatar da suna da lamba a kowane mataki, ko na'ura ta yi aikin shaidar. Don haka in muguwar labarinki za ta musanya kwalba, ki nuna mana ta yaya, wa ya kau da kai, wa aka saya, wane fayil aka gyara. Wahalar aikata laifin ita ke sa shi daɗin karantawa, in ya zo da sauƙi kamar ɗaukar cokali a kicin ba wanda zai ji komai.

Maganar gano gaskiya kuma, ki bar dogaro da kama ko launin ido, ba hujja ba ne, sai dai su zama abin da ke hura wutar zargi. Rukunin jini yana iya kore mutum amma ba ya tabbatar da shi, misali namiji mai AB a bisa al'ada ba ya haifar ɗa mai O, amma dacewar jini ba ta nufin shi ne uban. DNA ce ke yanke magana, tun da Alec Jeffreys ya gano hanyar a Jami'ar Lesta ta Ingila a 1984, kuma yanzu ana iya gwajin uba tun ɗan yana ciki daga jinin uwar a watannin farko, don akwai ɓurɓushin DNA ɗinsa a jininta. Sakamakon kwanaki yake ɗauka, ba a tsaye ake karɓa ba, ki yi amfani da kwanakin nan, mutum biyu a gado ɗaya, ɗaya ya san ya aika samfur ɗayan bai sani ba. In kuma labarin na wannan zamanin ne ki sani ɓoye suna ya kusa zama tarihi, saboda kamfanonin gwajin asali irin su AncestryDNA, ɗa da uba suna haɗa kusan kashi 50 cikin 100 na DNA, 'yan uba kusan kashi 25, ko mai bayarwar bai taɓa yin gwajin ba in ɗan baffansa ya yi ana iya bin zaren har ƙofarsa. Ta haka 'ya'yan Cline suka fara gano juna. Littafin da aka sa a 2022 amma kowa na yi kamar babu wannan hanyar, ya riga ya mutu tun a tsari.

To bazatar ƙarshe fa? Ki yi ta, amma da gaskiya. Tun 1929 Ronald Knox, wani marubuci ɗan Ingila, ya jera ƙa'idoji 10 na labarin bincike, a ciki akwai cewa mai laifin dole ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kuma kar a fito da tagwaye sai an riga an share musu hanya. Har yau ana karya wannan, sai ka ga a feji 20 na ƙarshe an ce ashe mai bayarwar yana da ɗan tagwaye, ko ashe nas ɗin da aka gani sau ɗaya tsohuwar budurwar mijin ce. Gwajin da nake ba kowa shi ne, in mai karatu ya koma baya bayan ya san ƙarshen, zai ga alamun a fili har ya ce kai ya aka yi ban lura ba? In amsar a'a ce, yaudara kika yi masa. Ki dasa kowace alama aƙalla sau biyu, sau ɗaya a inda hankalinsa ke wani wajen. Ni shawarata ma ki fasa babban sirrin da wuri, wajen tsakiyar littafi, ki bar ɗaya daga cikin ma'auratan ya sani ɗayan bai san an sani ba, sauran rabin ya tafi a kan me za a yi da wannan sanin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kowa ya san za a kai ƙarshensa, abin da ake son gani shi ne wa zai rage a tsaye in an kai.

Kuma don Allah kar ki manta da jaririn. Littattafai da yawa da an kama mugun sai a yi tsalle zuwa wata 6 gaba, ana dariya a lambu, shi kenan. Wa ke cikin takardar haihuwa a matsayin uba? Za a gaya wa yaron in ya girma, wa zai gaya masa, a wace shekara? Auren ya tsira ko zaman haƙuri ake? Ba sai kin warware duka ba amma ki nuna kin san tambayoyin suna nan, don su ne dalilin da ya sa muka damu tun farko.

In kin gama rubutun farko ki ajiye shi ya huce na 'yan makonni, sannan ki ba mutum uku: nas ko ungozoma ta duba miki kalandar cikin da duk abin da ya faru a asibiti, wani da ya san dokar ƙasar da kika zaɓa ya duba ko laifin laifi ne da gaske a can, sai kuma mai karatu zalla wanda ba ya jin kunyarki. Shi wannan na ukun ki ce ya tsaya a kashi ɗaya cikin huɗu, da rabi, da kashi uku cikin huɗu, kowane zango ya rubuta miki wa yake zargi da kuma wa yake tausayawa a cikin ma'auratan. In zarginsa bai taɓa canzawa ba, alamunki sun yi yawa, ki rage. In kuwa ya ce ba ya tausayin kowa a cikinsu, ki bar gyaran babin ƙarshe tukuna, ki koma ɗakin cike fom ɗin nan ki sake rubuta shi.